Yadda Aka Kai ga Kwanakin Jinyar Wanda Ya Yi Yunƙurin Kashe Kansa a Ƙasar Sakkwato

Mutumin Dingyadi, kudu da birnin Sakkwato, da ya yi yunƙurin kashe kansa, idan danginsa suka yanke shawarar kai shi asibiti, yakan fara ne da sashen gaggawa a birnin Sakkwato, inda ake ceto jiki, sannan a tura shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kuma asibitin tarayya na masu taɓin hankali da ke Kware, a kan hanyar Illela. Tambayar da dangi ke fara yi ita ce yaushe za a sallame shi, amsarta kuwa ta sauya hannu sau uku cikin shekara ɗari, daga gida zuwa alƙali, daga alƙali zuwa likita, daga likita kuma zuwa aljihun iyali.

Kafin zuwan Turawa babu wani gini da aka keɓe wa irin wannan jinya, domin gida ne ke riƙe da majinyaci, malami na yi masa tofi da rubutun sha, wanda ake tsoron ya cutar da kansa kuma a sa masa mari ko turu. Mulkin mallaka ya buɗe gidan mahaukata a Yaba ta Legas a 1907, ya kuma kafa dokar mahaukata a 1916, wadda aka sabunta a 1958. A ƙarƙashinta likita na iya tsare mutum na kwana 7 domin a lura da shi, amma da zarar majistare ya tabbatar da hauka, doka ba ta yanka wa zaman wa'adi ba. A Arewa, inda asibitocin ba su isa ba, gidajen yari ne suka riƙa ɗaukar da yawa daga cikin waɗannan mutane, don haka tsawon zama a wancan zamani hukunci ne na tsaro, ba a auna shi da samun sauƙi.

Dokar laifuka ta ƙara nauyi a kan wannan. Sashe na 231 na kundin Final Kot, wato dokar laifukan Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, alhali Ingila, wadda daga gare ta aka gaji wannan tunani, ta soke laifin a 1961, Ghana kuma ta bi sahu a 2023. Illar wannan tanadi a bayyane take: iyalin da ke tsoron 'yan sanda, ga kuma kunyar abin da addini ya haramta, sukan ɓoye gaskiyar abin da ya faru, su ce haɗari ne, su nemi sallama da zarar majinyaci ya farfaɗo, tun likitan ƙwaƙwalwa bai gan shi ba. Abin lura shi ne fiƙihu kansa ba ya ɗora hukunci a kan wanda hankalinsa ya gushe, matsananciyar damuwa kuwa cuta ce da ake yi wa magani.

Sauyi na biyu magani ne ya kawo shi. A 1952 likitoci a Faransa suka fara amfani da kuloropuromazin, ƙwayar da ke kwantar da ruɗewar hankali, magungunan damuwa suka biyo baya a cikin shekarun 1950, sai zaman shekaru ya koma na watanni, daga baya na makonni. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyaci ke zama a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti da rana, tsarin da ya nuna wa duniya cewa dangi ɓangare ne na magani. Ƙasashen Yamma kuma suka koma ƙayyade kwanaki a doka: jihar Kalifoniya ta Amurka ta ba da izinin tsarewar awa 72, dokar Ingila ta 1983 ta ba da kwana 28 domin bincike. Nijeriya ba ta rabu da dokar 1958 ba sai a Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta amince da haƙƙin majinyaci a kan jinyarsa.

A aikace, abin da ke yanke kwanaki a ƙauyukan Bodinga da Shagari a yau ba ya cikin waɗannan dokoki. Yawancin iyalai daga aljihunsu suke biyan kuɗin gado da magani da abinci, mai jinya kuma ya bar gona ko kasuwa, ga shi Kware na arewa da birni alhali Dingyadi na kudu, sai an ratsa Sakkwato a kowace ziyara. Idan damina ta faɗi, gero na jiran noma, matsin neman sallama yakan ƙaru ko da likita bai gamsu ba. Akwai kuma akasin haka, wato majinyacin da ya warke amma ya ci gaba da zama saboda babu wanda ya zo ɗaukarsa.

Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna cewa haɗarin sake yunƙuri ya fi yawa a makonnin farko bayan sallama, magungunan damuwa kuma sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki sosai, saboda haka wanda aka sallama da wuri yana iya komawa gida maganin bai kama shi ba. Wani nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2008, wanda aka gudanar a Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, ya gano cewa taƙaitaccen bayani kafin sallama, tare da bibiya ta waya ko ziyara, ya rage mutuwa a tsakanin waɗanda suka taɓa yin yunƙuri. Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitocin karkara tun a manufarta ta 1991, kuma waɗannan ne suka fi kusa da mutumin Dingyadi a ranar da ya dawo daga Kware, don haka a wurinsu ya kamata takardar sallamarsa ta fara sauka.