Siyena da Bangon da Bai Samu Rufi Ba

Siyena gari ne da ke zaune a kan tuddai uku a yankin Tuskani na ƙasar Italiya. A ƙarni na 13 ya yi arziki da harkar banki da fatauci, ga hanyar masu ziyarar ibada zuwa Rum ta ratsa ta cikinsa. Da wannan dukiya aka gina babbar majami'ar garin, wadda aka kammala yawancinta wajen 1263, da marmara fari da baƙi jere bisa jere, launin tutar garin ke nan. Nicola Pisano ne ya sassaƙa mumbarinta.

To amma Siyena tana da kishiya, Fulorans. Sun gwabza a Montaperti a 1260, Siyena ta yi galaba, gaba kuwa ba ta kwanta ba. Da Fulorans ta ɗauko gina tata ƙatuwar majami'ar, sai mahukuntan Siyena suka ga tasu ta yi kaɗan. A 1339 suka amince a tayar da sabon gini wanda tsohuwar majami'ar ɗungurungum za ta koma reshensa kawai. Aka kafa ginshiƙai, bango ya tashi. A 1348 annoba ta faɗa wa garin, ta kwashe jama'a ba adadi, daga baya kuma aka tarar wasu ginshiƙan ba za su ɗauki nauyin ba. Aikin bai sake tashi ba.

Bangon yana nan, ana ce masa Facciatone, kuma a ganina ya fi majami'ar da aka gama ba da labarin garin. Ta cikin gidan tarihin majami'ar ake hawansa, a kan matakala mai murɗewa, matsattsiya, don haka kaɗan-kaɗan ake barin mutane. Daga sama za ka ga jajayen rufin gidaje da hasumiyar dandalin Campo, a ƙarƙashinka kuma filin da aka so masu ibada su cika. A wannan gidan tarihin ne aka ajiye zanen Maestà na Duccio, wanda aka raka zuwa majami'ar da gagarumin biki a 1311.

Mai son ganin daɓen majami'ar sai ya lura da lokaci. Hotuna 56 ne aka shimfiɗa da marmara, amma ana rufe yawancinsu don kada sawu ya cinye su, sai wasu makonni tsakanin ƙarshen Yuni da Oktoba ake yaye su.