Kaset, tsatsa da muryoyin Adar

Yau tarihinmu na kaset ne, ƴar robar nan da yaran yanzu ba su ma san yadda ake saka ta cikin rikoda ba. Kafin salula ta shigo, ita ce wasiƙar Adarawa. Ɗan ci-rani a Abijan ko Legas ko Libiya zai zauna gaban rikoda, ya gaida tsohuwa, ya gaida mai ɗaki, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, ya ja kunne kada a saida ɗan maraƙi, sannan ya damƙa kaset ɗin ga wanda zai taho gida. Nan kuwa sai a taru tsakar gida a saurara, a juya ɗaya gefen a ɗauki amsa. Wanda bai yi lakwal ba ma ya samu bakin magana.

To, mi ke riƙe da muryar? Tsatsa ce, wallahi. Zaren nan mai launin ƙasa-ƙasa, wanda faɗinsa bai kai milimita 4 ba, siririyar roba ce da aka shafe da garin wata irin tsatsar ƙarfe da ake sarrafawa a masana'anta, aka liƙe shi da wani abu kamar ƙaro. Kowace ƙwayar garin ƙaramin maganaɗisu ce mai kai biyu. Idan ka yi magana, makirfo na maida muryarka wutar lantarki mai hawa da sauka. Wutar ta bi wata waya da aka nannaɗe cikin ɗan ƙarfen da zaren ke gogawa, wanda masu gyara ke kira kai. Sai kan ya zama maganaɗisu, ƙarfinsa na canzawa daidai da muryar. Zaren na wucewa kusan santimita 5 a kowace daƙiƙa, maganaɗisun ƙwayoyin na juyawa yadda kan ya juya shi, kuma haka yake tsayawa. Ranar saurare abin ya koma da baya: zaren ya goga kan, ya haifar da ƴar wuta cikin wayar, lasifika ta maida ita murya. Kaset mai minti 90 na ɗauke da zare kusan mita 130.

Hanyar da aka bi kafin a zo nan doguwa ce. A 1820 wani ɗan Danmak, Orsted, ya lura wutar lantarki na karkata allurar kamfas. A 1831 Faraday na Ingila ya nuna motsin maganaɗisu na haifar da wuta. A 1898 Poulsen, shi ma ɗan Danmak, ya ɗauki murya a kan wayar ƙarfe. Jamusawa suka fito da rikoda mai zare a 1935, sannan kamfanin Philips na Holan ya rage abin ya shiga aljihu a 1963.

Mu dai Adarawa ba baƙin ƙarfe ba ne. Maƙeranmu sun daɗe suna haƙo tama suna narka ta, har wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki aikin nasu a fim a shekarun 1960, fim ɗin da ake kira Noces de feu. Abin sha'awa, jan dutsen tama yawanci ba ya manne wa maganaɗisu, amma da an fitar da ƙarfe daga cikinsa sai ya manne caf. Kuma wanda ke da maƙeri kusa ya gwada: ƙarfen da ya yi jawur cikin wuta, da zafinsa ya wuce digiri 770, maganaɗisu ba ya kama shi sai ya huce.

Mu koma kan zare. Tun kafin kaset ta cika kasuwa, manyan rikodoji masu faifai biyu sun zaga ƙauyukan Nijar. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962 ta riƙa ɗaukar ra'ayin manoma ana sakawa a rediyo. A 1968 aka buɗe a Yamai cibiyar tattara tarihin baka wadda yau ake kira CELHTO. A 1975 littattafai biyu suka fito kan tarihin Adar, na Echard da na Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa yanzu, kuma dukansu sun ɗebi abu mai yawa daga bakin tsofaffi. A arewacinmu, wajen Abalak da Cintabaraden, kiɗan gitar Abzinawa ta kaset ya bi gari-gari a shekarun 1980 da 1990, wannan ya kwafa ya ba wancan. Sai zamani ya juya: waƙoƙin da Mdou Moctar, ɗan wannan yanki, ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ta katin salula suka watsu, kati kuwa ba ruwansa da maganaɗisu.

Ga inda damuwata take. Abin da ke Yamai yana da masu kula da shi. Wanda ke cikin akwatunan gidajenmu fa? Muryar kakan da ya rasu, tafsirin malamin unguwa, kirarin ƴan kokowa, kiɗan bikin da makaɗinsa ya daɗe a ƙasa, galibi kwafi ɗaya ne tak a duniya. Zafin Afrilu da Mayu, ko ya haura digiri 40, bai kai ya goge maganaɗisun ba. Abin da yake ci shi ne robar da ƙaron: zaren ya miƙe, ko ya manne da juna bayan laimar damina, ko garin ya zube a kan rikoda, muryar ta tafi da shi. Wata ɓarnar kuma mu ke yi da hannunmu, mu ɗora kaset bisa babbar lasifika, alhali akwai maganaɗisu mai ƙarfi a bayanta da ke iya dusashe abin da ke kan zaren.

Wanda ya tarar da irin wannan kaset, ya fara ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na samanta, don kada wani ya danna jan maɓalli ya ɗauki sabon abu a kai. Ya sa biro ya juya zaren a hankali ya ga ko ya manne. In ya manne kada ya ja da ƙarfi. Ya gwada rikodar da wata kaset marar amfani tukuna, don tsohuwar rikoda na cin zare. Daga nan ko salula ce ya ajiye kusa da lasifika cikin ɗaki shiru ya ɗauka, ya faɗi sunan mai maganar da garinsu da shekarar a farko, ya tura wa ƴan uwa biyu ko uku. Rikoda mai aiki ita ce ta fi wuyar samu yanzu. A tambayi tsofaffin masu gyaran rediyo a kasuwa, wasu na da ɗaya a ƙarƙashin tebur.