Daga Tsagiyar Doki Zuwa Wayar Burki: Gyaran Kayan Kiɗa a Ƙasar Guddiri

Idan hunturu ya kankama a Azare, leɓe da diddige suna tsagewa, katako ma yana jin jiki. Tsohuwar jitar bes da aka jingine a kusurwar majami'a ko a ɗakin wani makaɗi, wuyanta yakan tsuke saboda bushewar iska, sai bakin 'yan ƙarafan nan da aka gitta a kansa su ɓullo suna kartar yatsa. Ƙura kuma ta cika maɓallin murya, da an murɗa shi sai lasifika ta kama ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Mai jita ya saɓe ta zuwa rumfar mai gyaran rediyo, domin shi ke da dalma da ƙarfen liƙi. In katakon ne ya dare, sai wajen kafinta. In noti ya ɓace, a leƙa wajen masu kayan babur.

Kayan kiɗa ɗaya, masu sana'a uku. Haka mai goge yake yi a wannan ƙasa tun kafin a san wutar lantarki: fata daga hannun maharbi, tsagiya daga bargar doki, ƙwarya daga gona, in ta tsage kuma gyartai ya ɗinke.

Katagum, wato ƙasar Guddiri da Azare ke cikinta, ƙasar dawaki ce tun asali. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19 tsakanin Kano da Borno, ya rasu a 1814. Shekara goma bayan haka, a watan Janairun 1824, Bature Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum zamanin Sarki Ɗankauwa, ya rubuta cewa ƙasar tana iya fitar da mahaya doki wajen 4,000 da dakaru 20,000. Abokin tafiyarsa, Dakta Oudney, a wannan tafiya ya rasu a Murmur, kusa da birnin. Ƙasar da ke da dawaki haka ba ta rasa gashin wutsiya. Fadamun kogin Jama'are kuma suna ba da guza, gonaki suna ba da duma. Duk abin da goge yake bukata yana nan a bayan gari.

A dubi gogen da kyau. Rabin ƙwarya ne aka rufe bakinsa da fatar guza, aka huda ƙofa a gefe don murya ta fita. An soka sanda ta ratsa shi ta zama wuya. Daga kan sandar zuwa gindi an ɗaure damin tsagiya, wanda shi ne tsirkiyar, sannan aka tokare shi a kan fata da wani ɗan itace mai ƙafafu. Sunan wannan ɗan itace jaki, kuma ya ci sunansa, don shi ke ɗauke da kaya. Duk motsin tsirkiya ta ƙafafunsa yake sauka kan fata. A gusa shi kaɗan, murya ta canja. Makaɗi yana shafa ƙaro a jikin bakan da yake gogawa da shi don gashi ya kama gashi. In damina ta sa fata ta saki, sai ya kanga ta a rana ko kusa da garwashi har ta ɗame.

Babu abin da ke dawwama a jikin wannan kaya. Tsagiya tana tsinkewa sili-sili, fata tana fashewa, jaki yana ɓacewa a filin wasa. Shi ya sa mai goge ko garaya ko gurmi yakan zama shi ne maƙerin kayansa. Yaron makaɗi yana koyon jan fata da ɗaurin tsirkiya tare da koyon kiɗan, sau da yawa ma kafin a bar shi ya taɓa kiɗan a gaban jama'a.

Sana'ar ba ta samu gata a fada ba. Malaman jihadi sun yi suka ga kayan kiɗa masu tsirkiya saboda alaƙarsu da bori da wuraren shagala, har goge ya samu kirarin nan na kan bidi'a. Fada ta riƙe tambari da kakaki da algaita. Garaya ta zauna wurin maharba, goge da kukuma suka zauna a dandali da gidajen biki. Wannan ne ya sa labarin maƙeransu ya tsaya a baki, kakanni zuwa jikoki, ba a takarda ba. Sai a 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, kuma yawancin aikin nasu a Zariya da Katsina suka yi shi.

A 1916 aka mayar da hedikwatar masarauta daga Katagum zuwa Azare. Da mota ta fara bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Azare ta wuce Potiskum, kasuwa ta cika da kayan kanti, makaɗa kuma ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Zaren roba na kamun kifi ya shiga wurin tsagiya da jijiya a kayan da ake kaɗawa da yatsa, domin ba ya jin raɓa. Wayar burkin keke, in an warware ta sili-sili, ta ba da tsirkiya mai kaifin murya. Gwangwanin kifi ya zama cikin kuntigi, kuma da irin wannan ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, ya zaga duniya. Nan maƙwabta a Haɗeja, Haruna Uji ya ɗaga darajar gurmi har rediyo ta kai muryarsa ko'ina. Masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam sun zo a zamanin da lasifika ta shiga filin biki, ƙaramin kaya ya riƙa cika babban fili. Ba wanda ya ce kuntigin gwangwani jabu ne. Abin da jama'a suka saurara shi ne ko muryar ta fita.

Can a Amurka ma, buƙatar murya ce ta haifi jitar bes. Babban gogen Turawa mai kauri, wanda ake tsayar da shi a ƙasa, ya fi tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga ganguna da ƙahoni suna danne shi. Paul Tutmarc na birnin Siyatil ya gwada ƙera na lantarki a shekarun 1930, bai samu kasuwa ba. A 1951 Leo Fender, wanda shi kansa da gyaran rediyo ya fara, ya fitar da Precision Bass a Kalifoniya: tsirkiya huɗu, tsawon kowace daga kan wuya zuwa jaki inci 34, da ƙarafa a gitte a wuyan don yatsa ya faɗa daidai. Jazz Bass ta biyo baya a 1960. Mafi kaurin tsirkiyar tana kaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa, murya ce da ƙirji ke ji kafin kunne. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da dubban zagaye na wayar jan ƙarfe mai sirantar gashi, shi ake kira fikof, kuma shi ke mayar da motsin ƙarfe ya zama lantarki. Aikin da fatar guza take yi wa goge, shi fikof yake yi wa bes.

Ta hanyar ƙungiyoyin hailaif da majami'u jitar bes ta iso Arewa. Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya rera Hausa a kan jita da ƙahoni a Kaduna. A Nijar, Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗora waƙoƙin da suka samo asali daga bori a kan jita da bes, faifan da suka yi da Moussa Poussy ya fito a 1994. Amma kafin bes ta yi jijiya a garuruwa irin su Azare, fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, yaro ɗaya da yatsu goma ya riƙa fitar da ganga da sarewa da bes gaba ɗaya. Waƙoƙin fim suka bi wannan hanya, mawaƙan biki da na siyasa suka bi bayansu. Jitar bes ta rage galibi a hannun mawaƙan majami'a da 'yan tsirarun masu sha'awa, yawancinta kuma gwanjo ce, ƙirar Japan ko Koriya ko Sin, da ta biyo ta Legas ko Sabon Garin Kano.

Irin wannan ce ke zuwa teburin mai gyara, kuma a nan ake yin ɓarna ko a yi gyara.

Abu na farko wuya ne. Tsirkiyoyi huɗu suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana. A cikinsa akwai sandar ƙarfe mai noti da ke riƙe shi kada ya lanƙwashe. A ƙasar da damina ke kumbura katako, hunturu ya tsuke shi, wannan noti yana son a duba shi sau biyu a shekara. Rubu'in zagaye ake murɗawa, a bari katako ya huta, gobe a sake dubawa. Mai gaggawar da ya sa ƙarfi ya tsinke sandar ya kashe wuyan ke nan.

Sai kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya. In sun yi tsatsa, kananzir da tsohon buroshin haƙori da ɗigon mai sukan tashe su. In haƙoransu sun cinye, dole a saya, kuma kamfanoni irin su Gotoh da Schaller da Hipshot suna ƙera su. Sai dai ramin da ke kan jitar Amurka da awon inci aka huda shi, na Japan da milimita. Wanda bai auna ba ya sayo, zai ga kunne yana lilo a rami ko ya ƙi shiga, daga nan sai a ɗauko abin huji a faɗaɗa, ramin da aka faɗaɗa kuwa ba ya komawa. Nauyi ma abin lura ne: kunnuwa masu nauyi suna sa kan jitar ya riƙa rinjaya ƙasa, kafaɗar makaɗi ta sha wuya.

Jakin bes na ƙarfe ne, Turawa suna kiransa da sunan gada. Na Fender da aka saba gani farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa, mai sukurori biyar. A shekarun 1970 aka yi yayin cire shi a sa mai kauri irin Badass, don murya ta daɗe tana amo. Har yau makaɗa suna gardama a kan ko bambancin ya kai kuɗinsa. Abin da babu gardama a kansa shi ne wurin zama. Ƙarfe na 12 a wuya shi ne tsakiyar tsirkiya, in jaki ya gusa gaba ko baya, duk muryoyin sama sun karkace, daidai yadda mai gurmi ya sani a nasa jakin. Akwai kuma wata 'yar waya da ke ɓoye a ƙarƙashinsa, mai kai lantarkin banza ƙasa. Mai gyara ya manta da ita, jita ta yi ta gurnani. Inda ake kiɗa da janareta da amfilifaya mara wayar ƙasa, wannan harka ta wuce gurnani, tana iya jan mutum, don haka a gyara wayar amfilifaya tun kafin a taɓa jitar.

Fikof shi ne abin da ya kamata a fi jin tsoron taɓawa. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, dalma ce ta saki ko ramin fulogi ya yi datti. Awo da mita na minti ɗaya yana raba gardama. Tsirkiya kuwa dole ta ƙarfe, don maganaɗisu ba ya jin roba. Da yake saiti ɗaya yana da tsada, makaɗa a ƙasashe da yawa sukan tafasa tsofaffi a ruwa don datti ya fita. Makaɗin bes James Jamerson na kamfanin faifai na Motown shi ko canja nasa ba ya yi sai in sun tsinke, ya fi son muryar tsohuwar tsirkiya.

A Turai da Amurka, masu tara tsofaffin jita suna biyan kuɗi mai yawa a kan Fender da aka ƙera kafin kamfanin CBS ya saye masana'antar a 1965, kuma sukurun da aka canja ɗaya yana rage farashi. Jitar bes ƙirar Höfner da Paul McCartney ya saya a Hambug a 1961, aka sace a Landan a 1972, da aka sanar da dawowarta hannunsa a 2024 sai da duniya ta ɗauka. A gefe guda ga Mdou Moctar na Nijar, wanda jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke ya haɗa ta. Makaɗin Azare ya fi kusa da Mdou Moctar, kuma yana da gaskiya in ya canja abin da ya mutu don kiɗa ya ci gaba. Kuskuren da ake yi shi ne huda sabon rami ba dole, da goge tsohon fenti, da zubar da abin da aka cire. Duk kunne ko jakin da aka kwance, a ƙulle shi a leda a ajiye cikin akwatin jitar.

Tsofaffin da suka iya jan fatar guza da murɗa tsagiya suna raguwa a ƙauyukan Shira da Gamawa da Zaki, kamar yadda suke raguwa a sauran ƙasar Hausa. Ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da na jami'ar jiha da ke Gaɗau suna neman abin bincike kowace shekara. Su ɗauki waya su je su zauna da waɗannan dattawa, su naɗi yadda ake haɗa goge da gurmi daga ƙwarya har jaki, su rubuta sunan kowane sashe da Guddiranci yadda masu shi suke faɗa.