Wajen Wa Za Ka Sauka? Tarihin Tafiya Neman Aiki Daga Ƙasar Karaye

A Karaye ko Rogo, idan saurayi ya shaida wa manya cewa ya samu aiki a Abuja ko Legas, za a yi masa barka, a sa masa albarka, sannan wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To, wajen wa za ka sauka?" Yaran yanzu kan ɗauka wurin kwana ake tambaya, sai su ce ai za su kama ɗaki. Shi kuwa dattijo sunan mutum yake son ji: wa zai karɓe ka, wa zai tsaya maka, wa za a nema idan an ji ka shiru. Wannan tambaya ta girmi mota, ta girmi jirgin ƙasa. Wanda ya bi sawunta zai ga yadda mutanen wannan yanki suka yi ta barin gida neman abinci, da dalilin da ya sa wata tafiyar ta yi albarka, wata ta zama hallaka.

Tun asali ƙasar Karaye bakin iyaka ce, inda Kano ta haɗu da Katsina da Zazzau, shi ya sa ba ta rabuwa da mai shigowa da mai fita. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Wambai Giwa, a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17. Bayan ya ƙara faɗin ganuwar birni, sai ya bar Kano ya tare a Karaye, yana fafatawa da Katsinawa daga nan. Shi ma aiki ne ya kai shi, sai dai ya tafi da dawakai da barori, bai buƙaci mai masauki ba. Talaka ne ke buƙata.

Labarin talakan ya zo mana daga bakin wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajajen 1877 ta rasu a 1951. Karo ƙauye ne kusa da Zarewa, a ƙaramar hukumar Rogo ta yanzu. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa tana rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Kakannin Baba Barebari ne da suka taso daga Barno suka sami ƙasar noma a nan. Ke nan gidaje da yawa da muke kira 'yan ƙasa a yau, akwai ranar da kakansu ya iso da sanda da gora, wani ya nuna masa inda zai ajiye kaya.

A wancan zamani babbar tafiyar neman arziki ita ce fatauci, mafi nisa kuma ita ce ta Gwanja, inda ake sayo goro. Ayari kan tashi da kanwa da tufafin rini da fatu a bisa jakuna, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya kai kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau. Tafiyar watanni ce, kuma ba a yin ta a warwatse. Madugu ke jan ayari, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. A kowane gari akwai zango, a zango kuma akwai mai gida, wanda wasu ke kira fatoma. Aikinsa ya wuce ba da ɗaki da tuwo. Shi ke ajiye wa baƙo kaya da kuɗi, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke fassara masa yaren gari, kuma idan an ba da kaya bashi, shi ke lamuni. Ladansa la'ada, jarinsa kuwa suna, don idan ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga ayari na gaba isowa.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, sa'an Baba ke nan, a cikin wannan tsari ya tashi. Ya bi mahaifiyarsa Amarya har Akra, ya yi fataucin goro, kafin ya dawo Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. Ana yawan faɗin dukiyarsa, ba a cika tuna cewa duk garin da ya shiga yana yaro, akwai Bahaushen da ya riga shi zuwa ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, sai dalilin tafiya ya sauya. Baba ta ba da labarin yadda bayi da yawa suka bar rinji a lokacin, kowa ya kama gabansa. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, wanda ba ya jiran a sayar da dawa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta fara kwarara zuwa Ikko. Daga nan cin rani ya zama ruwan dare: da an gama girbi an cika rumbu, samari su fita, a rage bakin ci a gida, su dawo da faɗuwar ruwa da kuɗin haraji da na aure. Wani ya yi dako a Kano, wani ga-ruwa, wani yankan farce, wani ya bi malaminsa gabas yana karatu yana ɗinkin hula.

Jirgin ƙasa ya kashe ayari, amma mai gida bai mutu ba, wuri ya sake. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan domin Hausawa. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a can a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya rataya a wuyan masu gidajen Sabo. Falke ya kawo shanu daga Kano, ba ya jin Yarabanci, bai san mahauci ko ɗaya ba, amma a sayar da shanunsa bashi ya kwana da kwanciyar hankali, domin mai gidansa ya san mahaucin da ke biya da wanda ba ya biya. Babu takarda, babu banki, babu kotu. Mu da ke sana'ar rubuta manhaja mun san cewa abu mafi wuya a kowane tsarin ciniki na intanet shi ne sa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba su yarda da juna. Masu gidajen Sabo sun warware wannan da ƙwaƙwalwa da mutunci, shekara da shekaru kafin a ƙera kwamfuta. Sabon zuwa da bai da ko sisi kan shiga cikin yaran mai gida, ya fara da kora shanu ko ɗaurin huhun goro, a hankali ya zama dillali. Haka abin yake a Agege, haka yake a zangon Kumasi.

In ana son a ga darajar wannan tsari, a dubi tafiyar da aka yi babu shi. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai Turawa suka rasa babbar hanyarsu ta samun kuza, suka juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Dubban manoma aka kai tsaunukan Filato, cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga bukkokin da ba sa tare iska. Da yawa sun gudu, da yawa kuma cuta ta kashe su a can. Akwai aiki, har da ɗan lada, amma babu wanda ya san sunan uban wani, babu wanda kunya za ta kama idan lebura ya kwanta ciwo.

Bayan yaƙi sai ga wata sabuwar tafiya, ta mai takarda. Gwamnatin Sardauna ta dage sai 'yan Arewa sun riƙe ofisoshin Arewa, don haka ɗan ƙauyen da ya gama midil ko kwalejin horon malamai ya sami kansa a Kaduna yana akawu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata. A Kano ma unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka ja matasan karkara. An ƙirƙiro jihar Kano a 1967, aka fara bautar ƙasa a 1973, gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗaga mutane daga garuruwansu da wasiƙa guda.

A nan ne abin da ke haɗe ya rabu. A hannun mai gida, aiki da masauki da lamuni abu ɗaya ne. Takardar ɗaukar aiki kuwa aiki kaɗai take bayarwa. Da farko ba a ji raɗaɗin ba, saboda gwamnati da manyan kamfanoni suna ba da gidajen ma'aikata, ga ƙungiyar ƙwadago, ga fansho. Ma'aikaci ya ga ya huta da durƙusa wa wani, kuma da gaskiyarsa, domin mai gida ba waliyyi ba ne. Akwai wanda ke riƙe kuɗin yaronsa shekaru da sunan ajiya, akwai wanda ba ya son yaro ya tsaya da ƙafarsa. Albashi ya 'yanta mutane da yawa daga irin wannan. Amma da masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, ma'aikacin da ya yi shekara 20 a bakin inji ya waiwaya bai ga kowa a bayansa ba. Kamfani ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza.

Zango ma yana da iyakar ƙarfinsa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana, Hausawan da aka haifi iyayensu a can suka kwaso abin da hannu zai ɗauka. A Fabrairun 2021 rikici ya cinye kasuwar Shasha a Ibadan. A Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, matasan Arewa da yawa suka wayi gari babu sana'a. Mai masauki bai iya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya iya shi ne a san wa ya ɓata, a haɗa kuɗin mota, a kai gawa gida ko a yi mata sutura yadda ya kamata. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Har yau ɗan cin rani ya fi mai digiri gata ta wannan fuska. Yaron da ya hau motar tumatir daga Rogo zuwa Mile 12 ya san rumfar da zai dosa da sunan ɗan garinsu da zai ambata. Wanda ya gama jami'a ya sami aiki a Yaba, unguwar kamfanonin fasaha da mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarta a 2016, sau da yawa da lambar wayar ma'aikatar kaɗai yake sauka. Kafin albashin farko ya shigo, mai haya na neman kuɗin shekara cur, dillalin gida na neman nasa, lauya na neman nasa, kuma ana tambayarsa wanda zai tsaya masa. Lamunin da mai gida ke bayarwa da baki, yanzu da tsabar kuɗi ake sayensa. Ga 'yan mata kuma abin ya fi tsanani. Tsohon tsarin bai tanadar wa mace mai tafiya aiki wuri ba, don a zamanin Baba aure ne ke kai mace sabon gari, ta tarar da dangin miji. Yau ga malamar asibiti, ga ma'aikaciyar banki, an tura su garin da ba su san kowa ba, kuma akwai masu gidajen haya da ba sa ba mace marar aure ɗaki.

An yi zaton abubuwa biyu za su rage tafiyar. Na farko madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, wadda ta kawo kamun kifi da noman rani, har wasu suka sami abin yi a gida bayan girbi. Na biyu aiki daga nesa ta intanet, wanda ya yaɗu tun annobar korona a 2020. Dukansu sun taimaka, amma ba su tsayar da mota ba. Mai aiki da kwamfuta yana buƙatar wuta tsayayya da sabis mai ƙarfi, yana kuma buƙatar waɗanda suka fi shi sani a kusa da shi, don haka ko kamfaninsa na Turai ne, ƙarshenta sai ya koma Kano ko Abuja.

Abin da ya maye gurbin zango a wajenmu shi ne zaurukan WhatsApp na 'yan gari ɗaya ko makaranta ɗaya. Suna da amfani, a nan ake jin labarin gurbin aiki da na ɗakin haya. Bambancin shi ne a zaure kowa na iya karanta saƙo ya yi shiru, ba wanda zai ce masa don me. Mai gidan Sabo ba shi da wannan damar, baƙo na tsaye a ƙofarsa da kaya a ka, gari na kallo.

Mu da muka riga muka zauna a Legas da Abuja da Fatakwal, yawancinmu a ɗakin wani muka yi watan farko, ko ƙanin uba ko yayan aboki. Tsarin da ya kai kakanninmu Salaga ya dawo da su lafiya bai taɓa zama hukuma ba. Mutane ne ɗaiɗaiku da suka yarda a ambaci sunansu a gida idan ana sallamar matafiyi, suka kuma ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Duk shekara jami'o'in Kano na yaye ɗaruruwan matasa daga Karaye da Rogo da maƙwabtansu, maza da mata, kuma kowannensu sai an yi masa waccan tambayar kafin ya hau mota. Ko zai sami sunan da zai faɗa, ya danganta ga waɗanda suka riga shi isa.