Gidan Fatoma a Zugu da Parakou

Zugu, wato Djougou ta ƙasar Benin, ba a bakin teku take ba, amma a ƙarni na 19 ita da Parakou manyan zanguna ne na fataken Kano masu zuwa Gwanja sayen goro. A Zugu sarki yana Kilir, fatake kuwa a unguwar Wangara suke sauka, a gidan fatoma. Ginin ƙasa ne. A zaure ake ciniki, bayansa ɗakunan baƙi da na ajiye kanwa da goro, sai filin ɗaure jakuna. Fatoma shi ne dillali, shi ne kuma tafinta, domin harshen Dendi ake yi a kasuwa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ayarin ya yi ta raguwa.