Yadda Kalangun Dambe Ya Samu Muryarsa a Gabashin Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, a Goronyo ko Wurno ko Gandi, ya san ba kalangu ɗaya ke tayar da fili ba. Akwai ƙanana, kuntuku da ɗan karɓi, waɗanda ke riƙe da bugu guda tun daga fari har a tashi. A bisansu babban kalangu ke yawo. Wani lokaci ya riga su, wani lokaci ya jinkirta, ya faɗa tsakanin bugu da bugu, sannan ya dawo ya cim musu. Wannan saɓanin ne ke sa tsikar ɗan dambe ta tashi tun bai gama ɗaure kara ba.

Asalin kalangu kiɗan mahauta ne, waɗanda Sakkwatawa ke kira rundawa. Da shi ake shelar an yi yanka ranar kasuwa. Dambe kuwa wasansu ne na gado, suna bin garuruwa bayan an kai amfani gida, makaɗansu na biye. Fada tana da nata, tambari da kotso da taushi. Bayan jihadin 1804 kiɗa ya shiga takura, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kaɗe-kaɗen sharholiya na sarakunan Haɓe, kuma Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837. Duk da haka kiɗan sana'a bai mutu ba, don a jikin aiki yake ɗaure: na maƙera, na manoma, na rundawa.

Abin da ya ba kalangu fifiko shi ne tsarkiya. Makaɗi na maƙale shi a hammata, ya matse tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, ga gaɓa doguwa ga gajera. Saboda haka in babban kalangu yana kaɗa taken ɗan dambe, gaɓoɓin maganar yake bi, ba bugun ƙananan ba. A ganina nan ne tushen wannan saɓani mai daɗi: magana ce ke tafiya bisa awon da ba ya motsi. Shi ya sa ɗan dambe kan ji an kira shi daga nesa, ba tare da wani ya buɗe baki ba.

Mutumin da ya kai wannan kiɗa ƙololuwa ɗan ƙasar Gandi ne ta yankin Rabah, Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Waƙar da ya yi wa ɗan dambe Shago ta mai da shi gwarzon da ake labarinsa a inda ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da zuwan kaset daga baya, su suka fitar da kalangun daga fili zuwa zaure da tasha.

Irin wannan gini, na bugu tsayayye da wani mai saɓa masa, ya bayyana a Amurka cikin shekarun 1890, a kiɗan fiyano na baƙar fata mai suna ragtime. Hannun hagu na riƙe da bugu daidai irin na faretin soja, na dama na sauke nauyinsa a tsakani. Makaɗin ragtime Scott Joplin ya fitar da kiɗansa Maple Leaf Rag a garin Sedalia na jihar Misuri a 1899, kowane sashe awo 16, kuma a rubuce bisa takarda. Masana na danganta salon da kiɗan banjo, wanda bayi suka ƙera bisa tunanin kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin gurmi da molo. Mutum ɗaya ke yi da hannu biyu abin da makaɗa uku ke yi a Goronyo, sai dai nasa babu take a ciki.

Tun shekarun 1990 fiyanon lantarki ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, har da sautin kalangu da ake ɗauka a zuba masa. Yana riƙe bugun ƙananan ba kuskure. Amma sautin da aka zuba a daskare yake, babu hammatar da za ta matse shi, don haka har yau masu shirya dambe makaɗin kalangu suke nema ya kira musu 'yan wasa.