FASHIN BAƘI: Tattara hankali da binciken kai, daga Indiya zuwa ƙasar Hausa

Duk matashin da ke riƙe da wayar zamani yana iya cin karo da bidiyon da ke cewa ya zauna, ya rufe ido, ya bi numfashinsa, damuwa za ta kau. Manhajoji irin su Calm da Headspace sun mayar da wannan koyarwa kasuwa. A garuruwan kudancin Katsina kamar Mairuwa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda hare-haren 'yan bindiga suka shafe shekaru suna hana mutane barci, alkawarin natsuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai akasarin masu tallata hanyar ba sa faɗin inda ta samo asali, da abin da take iya yi, da abin da ya fi ƙarfinta.

Tushenta a addinin Hindu

Tsohon littafin da aka fi jingina wannan fanni da shi shi ne Yoga Sutra na malami Patanjali, wanda ya kasa tafarkin yoga gida takwas. Motsa gaɓoɓi da ake gani a bidiyo mataki ɗaya ne kawai, na uku. Na huɗu sarrafa numfashi ne, na bakwai kuma shi ake kira diyana, wato tsayar da hankali kan abu guda ba tare da ya karkata ba. Manufar ita ce kuɓutar da rai daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, wanda mabiya Hindu suka yi imani da shi.

Binciken kai kuwa ya shahara ne ta hannun Ramana Maharshi, wanda aka haifa a 1879 a kudancin Indiya, ya rasu a 1950. Yana ɗan shekara 16 tsoron mutuwa ya kama shi, abin da ya sa ya bar gida ya tare a dutsen Arunacala. Hanyarsa ta taƙaita a tambayar da ta zama sunan ɗan littafinsa, Wane Ne Ni? Duk tunanin da ya taso, mutum ya tambayi wa tunanin ya zo wa, har ya koma ga tushen abin da yake kira "ni". Wannan hanya ta ginu ne kan falsafar Adwaita, wadda ke cewa ran mutum da hakika maɗaukakiya abu ɗaya ne. Ramana bai shardanta barin aiki ko iyali ba. Ya koyar cewa ana iya binciken a tsakiyar hidimar yau da kullum.

Yadda ta bazu a duniya

A 1893 Swami Wibekananda ya gabatar da koyarwar Hindu a taron addinai na Chicago a Amurka. Daga baya Maharishi Mahesh Yogi ya kawo salon nanata kalma a zuci na minti 20 sau biyu a yini, salon da ya ƙara suna bayan mawaƙan Beatles sun ziyarce shi a Rishikesh a 1968. An tallata shi a matsayin dabarar lafiya, amma a 1979 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tabbatar da hukuncin cewa koyar da shi a makarantun gwamnati na jihar New Jersey koyar da addini ne.

A wannan shekarar ce Jon Kabat-Zinn ya kafa shirin mako takwas na rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts. Ya ɗauko shi galibi daga addinin Buddha, ya haɗa da yoga, ya cire ibadar. Daga wannan reshe ne mafi yawan manhajojin yau suka fito.

Siyasa ma ta shiga. Firaministan Indiya Narendra Modi ne ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar yoga, aka amince a Disamban 2014, aka tsayar da 21 ga Yuni. A 2024 kuma majalisar ta ware 21 ga Disamba a matsayin ranar tattara hankali ta duniya.

Yadda Musulmi suka kalle ta

Haɗuwar malaman Musulunci da wannan ilimi ta girmi intanet da kusan shekara dubu. Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci a ƙarni na 11. Yariman daular Mughal, Dara Shikoh, ya fassara littattafan Upanishad zuwa Farisanci a 1657.

A wannan zamani an rabu. Majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta wa Musulmi yoga a 2008, tana kafa hujja da abubuwan ibadar Hindu da ke cikinta. A 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta haramta wadda ke ɗauke da kirarin ibada, ta halatta wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Abin da ake jayayya a kai ɗaya ne: inda dabara ta ƙare, aƙida ta fara.

Abin da ƙasar Hausa take da shi

Zama shiru domin duba zuciya ba baƙon abu ba ne a nan. Littattafan tasawwufi da ake karantarwa a zaurukan malamai sun tanadi kalmomi uku: muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi, muraƙaba, ya riƙa lura da zuciyarsa bisa sanin cewa Allah yana ganinsa, da halwa, keɓewa domin ibada. Al-Haris al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, daga muhasaba ya samo laƙabinsa. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa muraƙaba da muhasaba babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, ɗariƙar da Sheikh Nasiru Kabara ya ƙara raya ta a Kano kafin rasuwarsa a 1996. A Tijjaniyya, muridi yana yin lazimi safe da yamma: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ga wazifa da zikirin Juma'a. Sheikh Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, ya yaɗa tarbiyya, horon da shehi ke yi wa almajiri domin ya kai ga sanin Allah. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, tana sukar da yawa daga waɗannan ayyuka a matsayin bidi'a, amma ita ma tana kwaɗaitar da azkar na safe da yamma da halartar zuciya a salla.

A zahiri akwai kama: zama, nanata kalma, lura da kaikawon tunani. Amma kama da wane ba ta wane. Mai bin Ramana yana neman gane cewa shi da hakika ɗaya ne. Mai muhasaba, kamar yadda al-Gazali ya tsara ta, bawa ne da ke lissafin aikinsa gaban Ubangijin da zai tambaye shi, har da haƙƙin mutanen da ke wuyansa.

Abin da bincike ya nuna

A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47, suka samu shaida matsakaiciya cewa irin shirin Kabat-Zinn yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin jiki. Ba su samu shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. Wani bincike na Jami'ar Brown a 2017 ya tattara bayanan masu zurfafa wannan zama da suka gamu da tsoro da ruɗewa da dawowar munanan abubuwan da suka taɓa faruwa da su. Wannan gargaɗi ne ga wanda ya kuɓuta daga daji: rufe ido shi kaɗai cikin shiru yana iya mayar da shi can.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na zama biyar da ake yi a rukuni, wanda ke koyar da dawo da hankali ga abin da mutum ke gani, yake ji, yake taɓawa. An gwada shi ga mata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a Yuganda, sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna raguwar damuwa. Ba likitoci ne suka jagoranci zaman ba, mutanen gari ne da aka ba horo.

Iyakarta

A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. 344 aka sako bayan kwana shida. Irin waɗannan yara, da manoman da ba sa iya zuwa gonakinsu, da matan da aka kashe wa maza, suna rayuwa ne a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Manyan asibitocin tarayya na wannan fanni da ke Kaduna da Kware a Sakkwato tafiya ce mai nisa da tsada ga talakan Faskari.

Lura da numfashi ko lazimtar zikiri suna iya taimaka wa mutum ya samu barci, ya danne fushi, ya yi tunani kafin ya yanke shawara. Amma fargabar mutumin Mairuwa tana da dalili a zahiri, kuma ba a zuciyarsa dalilin yake ba. Wanda ya kasa barci makonni, ko yake yawan firgita, ko yake tunanin halaka kansa, ma'aikacin lafiya yake buƙata. Tsaron hanya da gona da makaranta kuwa haƙƙi ne a wuyan masu mulki, kuma su ma akwai hisabin da ya kamata jama'a su yi musu.